Ranar da Nomau Ya Tumɓuke Ragar Cadawa

Duk wanda ya biyo kwalta daga Maraɗi zai nufi Agye, in ya iso Cadawa ya ɗaga kai, zai ga wani dogon ƙarfe ya zarce rufin kowane gida, da eriya a bisansa mai kama da ƙashin kifi. Tsawonsa mita goma sha huɗu. Wayoyi huɗu ke riƙe da shi. A gindinsa gidan kallon Nomau yake: benci goma sha takwas, kowane na ɗaukar mutum bakwai in an matsa, tele ɗaya, fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. Baƙo kan yi dariya ya ce, a zamanin parabol wa ke kafa eriya? In ka yi wannan tambaya a gaban Nomau, to ka nemi wurin zama, don ba za ka tashi ba sai ka ji labarin sakan goma sha ɗaya.

An haife shi a tsakiyar noman fari, shi ya sa aka ce masa Nomau, amma sunan bai bi shi ba. Tun yana ƙarami, in aka kai shi gona, maimakon ya nome kunya sai ya tsaya yana ƙirga su, ya gaya wa ubansa saura nawa. Yana da shekara goma sha biyar ya koma rumfar mai gyaran rediyo a kasuwa. Yana da ashirin da uku ya sayi tele tasa ta farko, wadda ke cin batirin mota, ya haɗa bututun ƙarfe biyu masu mita shida-shida, ya ɗaura eriya a bisa, ya juya bakinta yamma wajen Maraɗi. In iska ta kaɗa hoto ya gudu, sai wani ya fita ya juya ƙarfen, na ciki suna ihu. Shekara goma ya yi a haka.

Da parabol, faifan nan mai kamo hoto daga tauraron ɗan'adam, ta shigo, Nomau ne na farko da ya saya a unguwarsu. Ranar da aka ɗaura faifan, ya kwantar da dogon ƙarfen a gaban jama'a, ya ce eriya kayan kakanni ce. Ya miƙa wa matarsa Hauwa eriyar ya ce ta yi abin da ta ga dama da ita. Bututun biyu kuwa ya kai wa abokinsa Zakari mai walda. Aka yanka ɗaya gida biyu aka yi ƙafafu, aka gicciya ɗayan a bisa, aka kafa a filin ƙwallon da ke bayan lakol, wato makarantar boko. Ba a taɓa sa mata raga ba, amma raga kowa ke kiranta. Faɗinta mita shida ne, wato ta gaza ta ƙa'ida da mita ɗaya da 'yan kai, kuma Nomau ya sha cewa wannan ƙarancin ne ya koya wa Rilwanu saiti.

Rilwanu ɗan Baba Tsoho ne, manomi a unguwar gabas. A gaban wannan raga ya girma. Da ya kai shekara goma sha shida, wani mutum daga wata ƙungiya ta Maraɗi ya gan shi yana wasa, ya ce yana so, kuma a makon nan, ga damina ta tsaya. Sau huɗu Nomau ya je roƙon Tsoho, sau huɗu Tsoho ya ce a'a, don shi kaɗai ne namijin da ya rage masa a gona. A na biyar Nomau bai je roƙo ba. Ya ɗora yaron a bayan moto, wato babur, ya kai shi Maraɗi da kansa.

Da ya dawo ya tarar da Tsoho a ƙofar gidan kallo, da hauya a kafaɗa.

"Ka sare mini hannu ɗaya a tsakiyar damina," in ji Tsoho. "Daga yau tsakanina da kai sallama ce kawai. Ita ma don ta Musulunci ce."

Ya kuwa cika. Shekara takwas, sallar idi goma sha shida, bai taɓa ba Nomau hannu ba. Hanyar gonarsa ta gaban gidan kallo ta bi, amma sai ya riƙa zagayawa ta bayan masallaci, ƙarin taku ɗari uku safe da maraice. Nomau ya auna da ƙafarsa. A cikin shekarun nan Rilwanu ya tashi daga Maraɗi zuwa Yamai, daga Yamai zuwa wata ƙungiya a ƙasar waje da ba a nuna wasanninta ko'ina. Ya rufa wa gidansu kwano, ya sayi shanun huɗa biyu. Tsoho yana kwana a ƙarƙashin kwanon, yana huɗa da shanun, amma in aka ce masa ɗanka ya yi abin kirki sai ya ce, "Ban ga aikin ba." An sha kai masa waya a ce ga Rilwanu ya ci ƙwallo. Sai ya ture hannun. Ya ce abin da aka zaɓo aka harhaɗa ba shaida ba ne, ko rago aka ɗauka yana nome kunya ɗaya sai ka rantse manomi ne. Shi dai a nuna masa a lokacin da ake yi, daga farko har ƙarshe.

Wannan magana ita ke cin Nomau. Garin duka na cewa ya kyauta, amma mutum ɗaya da yake so ya ce haka bai ce ba, kuma a ransa ya san ɗaukar ɗan mutum a moto ba da izini ba abu ne mai nauyi. Abin da zai wanke shi guda ne: Tsoho ya ga aikin da idonsa.

Sai ga shi a farkon wata damina an kira Rilwanu ƙungiyar ƙasa. Wasan a wata ƙasa za a buga shi, ƙarfe biyar na maraice, kuma tashar da kowa ke kallo a garin ta yi ta shelar za ta nuna. Saura kwana shida Rilwanu ya kira.

"Kawu Nomau, mai horarwa ya ce da ni za a fara. Lamba goma sha bakwai. Don Allah ka kawo Baba."

Nomau ya sa babbar riga ya tafi unguwar gabas. Ya tarar da Tsoho a zaure yana gyaran irin gero. Ya yi sallama, aka amsa, ya durƙusa.

"Baba Tsoho, ka ce ba ka ga aikin ba. Ran Asabar za a yi shi a gaban duniya, kuma a lokacin da ake yi za ka gani."

Tsoho bai ɗaga kai ba. "Daga farko?"

"Daga farko har ƙarshe. Minti tasa'in."

"Ba wanda ya yanka ya ɗinka?"

"Ba mai taɓawa, Baba."

Tsoho ya daɗe yana tsintar tsakuwa a cikin irin. Can ya ce, "Sau ɗaya. In na gani, na gani. In ban gani ba, kak ka sake tako wanga zaure."

Duk wanda ya ce Nomau bai shirya ba ya yi masa ƙarya. Sau uku a rana yana kunna tashar, kwana shida, sau goma sha takwas ke nan, kuma kowane karo hoto garau. Ya cika injin wuta da mai saboda kada kuran, wato wutar lantarki, ya tafi, ya aro na biyu saboda kada na farko ya ƙi tashi. Ya ƙara ɗaure faifan parabol. Ya aro kujerar roba mai hannu ya ajiye taku huɗu daga tele. Ya ce ranar shiga kyauta ne. Abu ɗaya ne bai sa a lissafi ba: wani siririn rubutu na Faransanci da ke gudu a ƙasan hoto lokaci-lokaci. Kullum akwai irinsa, na sanarwar rasuwa da na taro, kuma shi Nomau allo ya yi, bai yi lakol ba. Masu shelar wasan da baki, da Hausa, sau nawa suka ce a zo a kalla? Ko sau ɗaya ba wanda ya buɗe baki ya ce, amma fa ban da masu parabol.

Ran Juma'a da dare ruwan shuka ya sauka. Tun asuba garin ya watse gonaki. Kowa ya san laimar farko ba ta jira, kuma kowa ya san Tsoho ba ya barin gona ranar shuka sai duhu ya kore shi. Amma biyar saura kwata sai ga shi da farar riga, ƙasa cike da farcensa. Ya bar kashi ɗaya cikin uku na gonar ba shuka. Bai ba kowa hannu ba, ya zauna a kujerar, ya cire takalmi ya ajiye a gefe. Wurin mutum ɗari da ashirin da shida ne, Nomau ya ƙirga ɗari biyu da uku, ban da waɗanda ke leƙe ta taga.

Aka nuna filin daga sama. Aka nuna mutum biyu suna surutu a kan tebur. Aka ce ga 'yan wasa nan fitowa. Sai hoton ya ɗauke. Tele ta yi baƙi ƙirin, da layi biyu na farin rubutu a tsakiya.

Nomau ya ce iskar jiya ce ta taɓa faifai. Ya canza tasha: ga wa'azi, ga masu rawa, ga wani yana dafa kifi, duka garau. Ya dawo, baƙi. Ya kashe dekoda ya kunna, ya cire kati ya goge da riga ya mayar, ya canza waya, ya hau tsani ya girgiza faifan. Minti goma sha huɗu ya ɓata a haka, kuma har yau in ya tuna su sai ya ciji yatsa. Masu waya suka yi ta lalube, 'yar da'irar jira da ke tsakiyar allon wayar tana ta juyawa ba abin da ya fito.

Mushe Iro, mushe wato malamin lakol, wanda ya yi shekara talatin yana koyarwa kafin ya yi ritaya, shi ya kutsa gaba ya sa tabarau ya karanta.

"Nomau, sauko. Kayanka lafiya lau suke. Da gangan aka rufe."

"Wa ya rufe?"

"Tashar. Izinin da ta saya na nunawa a cikin ƙasa ne kaɗai. Abin da aka harba sama ta tauraro kuwa yana sauka a ƙasashe ashirin da wani abu, kuma can wasu sun sayi nasu izinin. To doka ta ce a rufe na sama, a bar na ƙasa. Mai eriya ke gani. Mai parabol sai an tashi."

Nomau ya sauko daga tsanin a hankali.

"Mushe, mu a wace ƙasa muke?"

"Nomau..."

"A'a, gaya mini! Wagga ƙasa da nike takawa, ta wa ce? Ɗanmu ne, tutarmu ce, tasharmu ce. Don kada wani can da ban san sunan garinsu ba shi gani a banza, sai a rufe wa uban yaro ido a garinsu? Su da suka ce mana mu bar eriya mu ci gaba!"

"Kai ka ce haka," in ji Zakari daga baya. "Kayan kakanni. Ina wurin."

Aka yi dariya, amma gajeriya, don an ga Tsoho ya jawo takalminsa. Nomau ya kira wani abokinsa a Maraɗi mai eriya. Ta cikin wayar ma ana jin hayaniyar filin. Abokin ya ce ga Rilwanu nan yana gani kamar ya taɓa shi. Minti na ashirin da biyu ke nan.

Nomau ya durƙusa gaban kujerar.

"Baba Tsoho, ka ba ni minti arba'in."

"Na ba ka shekara takwas."

"Ƙara mini arba'in a kai."

Tsoho ya dubi baƙar telen, ya dubi ƙofa. Ya ce, "Ina nan har a kira magariba. Ba don kai ba. Na riga na bar gonar."

Nomau ya miƙe ya yi lissafi a tsaye. Tele tana da ramin eriya a bayanta wanda bai taɓa sa wa komai ba. Waya akwai, ta parabol. Saura ƙarfe da eriya. Ya juya ga samarin da ke bencin baya.

"Mutum talatin, ku biyo ni fili. Zakari, zarto!"

"Fili? Mi za mu yi a fili?"

"Raga za mu tumɓuke."

Daga gidan kallo zuwa filin taku ɗari shida da arba'in ne, a guje suka yi su. Ƙafafun ragar a cikin siminti suke, amma ruwan jiya ya tausasa ƙasa. Goma sha biyar a wannan ƙafa, goma sha biyar a waccan, suna turawa gaba suna jawowa baya. Samarin nan duka a gabanta suka koyi ƙwallo, wani ma yana turawa yana cewa, "Wallahi kamar kabarin kakana nike tonewa." A girgiza ta ashirin da shida ta taso da dunƙulen siminti a kowace ƙafa. Aka kwantar da ita, Zakari ya hau da zarto. Bakin zarto na farko ya karye a rabin hanya. Ya zagi wanda ya yi waldar.

"Kai ka yi ta," in ji Nomau.

"To na yi ta ne don ta zauna, ba don wani mahaukaci shi zo bayan shekara goma sha huɗu shi ce a kwance ba!"

Nomau ya bar su suna yanka ya ruga gida. Hauwa tana tsakar gida tana tankaɗe.

"Ina eriyar?"

"Wace eriya, Malam?"

"Wadda na ba ki!"

Ta nuna da baki. Eriyar ce ƙofar akurkin kaji. Haƙarƙarinta goma sha ɗaya ne asali, takwas suka rage, biyu a lanƙwashe, duka kashin kaji ya lulluɓe su. Ya fizge ta, kaji tara suka fito suka watse.

"Shekara goma sha huɗu ka ce in yi abin da na ga dama da ita," in ji Hauwa. "In shaho ya ɗauki ko ɗaya, da kai za mu yi."

Yana fita ta bi shi da tsumma ta ce ya goge, kada ya kai ƙazanta gaban dattawan gari.

A gidan kallo Mushe Iro ya kunna ƙaramar rediyonsa yana fassara wa jama'a. Daidai lokacin da Nomau ya shigo da eriyar aka ji mai sharhi ya ɗaga murya da sunan Rilwanu. Ya wuce mutum biyu, ya buga, ƙwallo ta daki ƙarfen raga ta dawo. Wurin ya ɗauki ihu, wasu suka hau benci. Mushe Iro ya kai rediyon kusa da kunnen Tsoho.

"Malam Tsoho, ka ji? Sunan ɗanka ake kira!"

"Sunan ni na raɗa mishi," in ji Tsoho. "Ba sai an gaya mini ba. Gani na zo yi."

Aka tafi hutun rabin lokaci. Nomau ya ce waɗannan minti goma sha biyar su kaɗai ne alherin da dokokin ƙwallo suka yi masa ranar. A cikinsu aka kawo bututun mai mita shida a kafaɗa, aka miƙe haƙarƙarin eriyar da filaya, aka cire wayar daga parabol aka fere bakinta da wuƙa aka murɗa. Ana komawa wasa suna ɗora ƙarfen a rufin, shi da mutum huɗu. Rufin mita uku, ƙarfe shida, tara ke nan. Suka tsayar da shi, suka juya bakin eriyar wajen rana. A ƙasa Mushe Iro ya sa tele ta nemi tasha. Neman kansa minti huɗu yake ci. Ya ƙare, ba ko ɗaya.

"Tsawo ne," in ji Nomau. "Da goma sha biyu take kamawa. Ku kawo ƙafa ɗaya."

Aka kwantar, aka farfasa simintin ƙafar da guduma, aka haɗa ta da dogon bututun, aka naɗe mahaɗin da robar tayar moto, aka ƙara da igiyar guga. Goma sha ɗaya da rabi. Da suka sake ɗagawa abin yana rangaji, kwanon yana nishi a ƙarƙashin ƙafafunsu, Nomau ya rungume gindin ƙarfen da ƙirjinsa. Wani minti huɗun. Daga nan sai muryar Zakari ta taga:

"Ta kama! Amma hoto na tsinkewa! Juya!"

"Ina?"

"Dama! Kai, ya yi yawa! Koma! Kaɗan! Kaɗan, ɗan kakanni! Tsaya! Tsaya nan, kak ka yi numfashi!"

Sai ihu ya tashi daga ƙarƙashin kwanon, irin wanda Nomau bai taɓa ji ba a shekara ashirin da huɗu na sana'ar, har yana jinsa a tafin ƙafa. "Ga shi nan! Ga Rilwanu!" Shi bai ga komai ba, sai ƙarfe a gaban hancinsa da rana tana sauka. Ya fara ƙirgawa don ya san tsawon abin da Tsoho ke gani. Bai kai ko'ina ba ihun ya faɗi, ya koma gunaguni.

Ya bar wa mutum huɗun ƙarfen ya sauko. Hoto garau, ana ta wasa, minti na sittin da takwas. Ya nemi lamba goma sha bakwai a fili, babu. Hauwa, wadda ta biyo kajinta har bakin ƙofa ta tsaya, ita ta gaya masa. Hoton yana zuwa aka ga wani ya ɗaga allo da goma sha bakwai a ja. Aka nuno Rilwanu ta baya yana tafiya zuwa bakin fili, ya juyo sau ɗaya ya tafa wa 'yan kallo, ya ba wanda zai shiga hannu, aka ɗauke kyamara. An canza shi. Daga baya Nomau ya samu wurin a waya ya auna sau biyar. Sakan goma sha ɗaya.

Minti sittin da bakwai yaron ya yi yana gudu a fili, kuma duk wanda ke da ƙaramar eriya a Maraɗi ya gani, har da waɗanda ba su san sunansa ba. Ubansa, kilomita talatin da 'yan kai daga nan, da ya bar gona ranar shuka, abin da aka bar masa shi ne fitar ɗansa.

Tsoho yana tsaye, taku ɗaya daga tele. Ya zauna ya kalli sauran wasan har aka tashi, ko za a sake nuno shi. Ba a sake ba. Mutanen da ke rufin ba wanda ya gaya musu su sauko, haka suka riƙe ƙarfen har busan ƙarshe.

Da jama'a suka fara fita Nomau ya matso, hannuwansa duk tsatsa.

"Sun fitar da shi," in ji Tsoho.

"Haka ake yi, Baba. In mutum ya gaji sai a sa wani. Ba laifi ya yi ba."

"Ka ce daga farko har ƙarshe."

"Na ce."

Tsoho ya sa takalmi ɗaya, ya sa ɗayan. "Rigar na gani," ya ce. "Ta jiƙe tun daga wuya har ƙugu, ta manne mishi a baya. Rago ba ya jiƙa riga haka." Ya miƙe. "Amma aikin ban gan shi ba."

Ya fita ana kiran magariba. Bai ba shi hannu ba.

Kwana biyu Nomau bai buɗe gidan kallo ba. Ran Talata da hantsi ya ji ƙarar amalanke a ƙofa. Tsoho ne, ya gama shukarsa, ya saro itatuwan dogon yaro uku daga bakin gonarsa, miƙaƙƙu, an sassaƙe su. Ya sauke su a ƙasa.

"Na ji an ce za ka maida ƙarfen fili."

"Yara ba su da raga, Baba."

"Ga itace, a kafa musu. Ƙarfen shi tsaya nan, kuma ka ƙara mishi tsawo. In za a yi wani, ka aiko."

Zakari ya sake haɗa bututun suka koma mita goma sha biyu, aka gina musu dakali mai mita biyu, aka ja wayoyi huɗu. Hauwa ta samu sabuwar ƙofar akurki, kaza ɗaya dai ba a gan ta ba har yau. Mushe Iro ya rubuta wa Nomau takarda uku zuwa ga masu tashar, ba roƙon a karya doka ba, tambaya ɗaya ce: in za ku rufe, mi zai hana ku faɗa da baki, da harshen da mutane ke ji, kwana ɗaya kafin ranar? Da an faɗa, aikin da aka yi cikin minti sittin a guje da an yi shi ran Juma'a a tsanake, ana shan shayi. Ba amsa ko ɗaya.

Wata biyu bayan wasan Rilwanu ya ji ciwo a gwiwa a ƙungiyarsa. Ya warke, ya koma wasa, amma ba a sake kiransa ƙungiyar ƙasa ba. An buga wasa tara tun daga ranar. Biyar an rufe su a parabol, kuma duka biyar an kalle su garau a gidan Nomau ta eriyar kaji. Duk ranar da za a fitar da sunayen 'yan wasa, Nomau na zaune kusa da Mushe Iro, ana karantowa yana lanƙwasa yatsu har ashirin da biyar. Daga nan ya ajiye hannun.

Tsoho ya daina zagayawa ta bayan masallaci. Safe da maraice ta gaban gidan kallo yake bi, da hauya a kafaɗa. Yakan ɗan tsaya ya ɗaga kai ya bi ƙarfen da ido har bisa.

"Yana kamawa?"

"Yana kamawa, Baba."

Sai ya wuce. Idi ya zama ashirin, hannu dai har yau bai bayar ba, kuma Nomau bai miƙa nasa ba. Kujerar roba mai hannu, da ya ƙare ya saye ta, tana jingine a bayan tele. Kowace Asabar yana fito da ita ya goge ƙura ya mayar.